Shawarwarin da Baba ya samu kan ziyarar Wiliyamsbag

Da Baba ya ce ɗansa na Amurka zai kai shi Wiliyamsbag, wani tsohon garin tarihi a can, ƴan fadarmu nan Maradi suka yi ta ba da shawara har shayi na uku ya huce.

Malamin tarihinmu ya ce garin ne babban birnin yankin Bajiniya daga 1699 zuwa 1780, yawancin lokacin a zamanin mulkin Ingila. Daga 1926 aka gyara shi da kuɗin attajirin Amurka Rokafela. Ma'aikata na sanye da kayan wancan zamani, maƙeri na dukan ƙarfe mai zafi a gabanka, kamar na bakin kasuwarmu.

Yawo kan titi kyauta ne, shiga gidajen sai da tikiti. Takalmi mai taushi, ruwa a hannu, kwana biyu aƙalla. A tambayi abinci sosai, naman alade ya yi yawa can.

Abin da ya taɓa ni: a wancan zamani kusan rabin mutanen garin baƙar fata ne, yawancinsu bayi. Na ce, "Baba, don Allah kada ka tsaya kallon fadar gwamna kawai. Ka leƙa madafa da bayan gida inda suka kwana, ka saurari masu ba da labarinsu."