Shawarwarin da aka bayar kan zuwa bikin Notting Hill

To ga abin da aka tattaro daga shawarwarin mutane ga masu son kai yara bikin Notting Hill na Landan, bikin kiɗa da raye-raye a kan titi da ake yi ƙarshen watan Agusta. Kusan kowa ya ce a je ran Lahadi, ita ce ranar iyali, Litinin kam ba masaka tsinke. Masu son kiɗa suka ce kar gasar Panorama ta ran Asabar ta wuce ku, nan ake kaɗa gangunan ƙarfe irin na Trinidad, durom ɗin mai ne fa aka bubbuge gindinsa ya lotsa, kowane gurbi da sautinsa. Akwai masu rawar samba ta Brazil ma. Yara kar su matsa kusa da manyan sifiku, kuma netwok yakan ɗauke saboda cunkoso, ku tsayar da wurin haɗuwa tun daga gida.