Ruwan sama a watan Janairu: abin da 'yan zango suka gani da idonsu

Mai buɗe zance, Aboabo, Kumasi, Ghana:
Assalamu alaikum. Ɗan ƙanena da ya samu aiki a wani yankin karkara a kudancin jihar Jojiya ta Amurka ya kira ni a watan Janairu, lokacin da hunturu ya tsattsaga mana leɓɓa a nan, ya ce kwana biyu ke nan ana ruwa a wurinsu. Na ɗauka zolaya ce, sai da ya juya wayar na ga taɓo a ƙofar gida. Ina roƙon duk wanda ya zauna a irin wannan ƙasa, ko ya taɓa ganin lissafin daminarsa ya saɓa, ya ba mu labari.

Wani da ya yi shekara shida a Jojiya, Asawase, Kumasi:
Wa alaikumus salam, Baba. Yaron bai faɗi ƙarya ba. Can babu damina da rani irin namu, ruwa na sauka a kowane wata, kuma idan aka haɗa na shekara yakan kai milimita 1,200 zuwa 1,300, bai yi nisa da na Kumasi mai kusan 1,400 ba. Daga Yuni zuwa Agusta iska mai danshi ke tasowa daga mashigin tekun Meziko. Gari ya waye tangaram, kafin la'asar hadari ya haɗu, a tafka ruwa da tsawa na rabin awa, sannan ka ga tururi na tashi daga kwalta, zufa kuwa ta ƙi bushewa a jiki. Takalmin Sallah da na ajiye a kabad, fumfuna ce ta cinye shi. Ruwan Janairu daban ne, yayyafi ne mai sanyi da kan wuni, wata safiyar kuma raɓa ta daskare a gilashin mota sai an kankare.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Oktoban 2018, da guguwar Michael ta ratsa yankin. Ƙasa ce ta gyaɗa da auduga, kuma na ga gonakin da audugarsu ta isa tsinka, iska ta kakkaɓe ta ƙasa, ta jiƙe cikin laka.

Hajiya mai sayar da atamfa, kasuwar Kejetia, Kumasi:
Alhaji, ai ba sai an ƙetare teku ba. Da aure ya kawo ni daga Katsina, na san Agusta da marka, shanya takan kwana uku ba ta bushe ba. A nan sai na tarar Agusta ne ruwa ke ɗan ɗagawa, bayan ya zuba daga Maris zuwa Yuli, ya kuma dawo a Satumba da Oktoba. Na daɗe ina ce wa mahaifiyata garin nan daminarsa biyu, tana yi mini dariya.

Manomi, Ejura:
Hajiya ta faɗi gaskiya, shi ya sa muke noma masara sau biyu. Wahalar tana ga girbin farko, domin rana ba ta isa ta busar da ita, kuma masarar da ta shiga buhu da danshi baƙi take yi.

Wani ɗan'uwa, Nima, Accra:
Mu namu ruwan bai wuce kusan milimita 800 ba, amma da kwatoci suka cika sai kogin Odaw ya yi ambaliya. Daren 3 ga Yunin 2015 a saman bene na kwana, da safe na ji labarin gobarar da ta tashi a gidan man da ke shataletalen Circle, inda mutanen da suka fake wa ruwa suka mutu. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Mai buɗe zance:
Amin, na gode muku. To, man kaɗanyar da na tanadar wa yaron, in bar shi ke nan?

Na Asawase:
A aika masa, Baba. Na'urar ɗumama ɗaki tana busar da fata kamar hunturu, daga Disamba har Fabrairu zai neme shi.