Digirin Asabar da Lahadi: yana gyara mai bincike ko takarda ce kawai?

Baba Mai Ritaya: Assalamu alaikum. Jiya wani yaro da na koya wa riƙon fayil ya zo gaishe ni, yana ta murna wai ya shiga NOUN, jami'ar nan ta karatu daga gida, zai yi digiri a fannin nazarin laifuka da tsaro. Na sa masa albarka, don ba a hana yaro alheri. Amma a nan zan faɗi abin da ban faɗa masa ba. Shekara 35 na yi cikin kakin ɗan sanda, fiye da rabinsu a sashen binciken manyan laifuka, kuma ban taɓa ganin ɓarawon da digiri ya kama ba. Ƙafa ce ke kama ɓarawo, da kunne, da sanin wane mai shayi ne ba ya barci a unguwa. Wannan karatun ƙarshen mako neman anini ne a kafaɗa, ba neman iya aiki ba. Wanda ke da ja ya fito.

Saje: Wa alaikumus salam Baba. Ni ma ina cikin masu laifin, shekarata ta uku ke nan. Ba zan yi maka ƙarya ba, ranar da na cike fom ƙarin girma nake hange. Igiya uku ta daɗe a hannuna. Amma niyyar shiga daban, abin da mutum ya tarar a ciki daban.

Baba Mai Ritaya: To me ka tarar, ɗana? Faɗa mana abu ɗaya da ka koyo a waya wanda ba a koyar da shi a kwalejin masu bincike ta Enugu.

Barista: Baba, bari in tari numfashin Saje, don ni ce nake cin moriyar abin da kuke bari a baya. Gaskiyarka, digiri ba ya kama ɓarawo. Amma kamu ai ba shi ne ƙarshen aiki ba. Ku kuna kamawa, mu kuma muna kwancewa a kotu, kuma wallahi sau da yawa ba wayona ne ke fitar da mutum ba, fayil ɗin ne ke zuwa a mace.

Ga yadda abin yake. Mai bincike ya kawo takardar amsa laifi, shi ke nan abin da ya dogara da shi. Sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce idan aka yi zargin an samo ikirari ta hanyar takura, masu gabatar da ƙara ne za su tabbatar wa kotu cewa ba haka aka yi ba. Da wanda nake karewa ya ce an doke shi, sai a ajiye babbar shari'a a buɗe ƙarama a cikinta, wata da watanni ana abu ɗaya. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta yi maganar ɗaukar sitatimen a bidiyo da kuma halartar lauya ko wani da wanda ake zargi ya zaɓa, jihohi ma sun yi tasu, Kaduna a 2017, Kano a 2019. Waya tana aljihun mai binciken, minti goma zai ɗauka, amma bai yi ba, don wanda ya koya masa aiki bai taɓa yi ba. Haka sashe na 84: ka kawo bayanan kiran waya ko hoton kyamarar tsaro ba tare da takardar da ke bayyana na'urar da ta fitar da su ba, in miƙe in ce ban yarda ba, alƙali ya ajiye su gefe. Baba, lokacin da ka koyi aiki waɗannan dokokin ba a haife su ba.

Baba Mai Ritaya: Barista, ba ki amsa tambayata ba, kin dai yi mana lacca. Duk abin da kika lissafa kwas ɗin sati biyu ya isa. A tara masu bincike a ɗaki, a kawo lauya irinki, a gama. Me ya kawo shekara huɗu da kuɗin rajista kowane zango? Na duba littattafan yaron nan, rabi duk labarin dalilin da ya sa mutum ke sata ne, wane Bature ya ce talauci ne, wane ya ce abokai ne. Wannan ko kakata ta sani.

Barista: Kwas ɗin sati biyun, sau nawa aka tura ka a shekara 35?

Baba Mai Ritaya: Wannan kuma wata magana ce.

Malama: Ina koyar da irin waɗannan ɗaliban a ajin ƙarshen mako, kuma zan ba Baba rabin gaskiya kafin in karɓe rabi. Mutane suna haɗa abu biyu. Nazarin laifuka reshe ne na ilimin zamantakewa. Shi ya sa digiri na biyu da jami'ai ke yawan yi a ABU kan aiwatar da doka da shari'ar laifuka, da na BUK kan shawo kan laifuka, daga sashen nazarin zamantakewa suka fito. Kimiyyar gano shaida kuwa, wato zanen yatsa da jini da harsashi da ƙwayar halitta, aikin ɗakin gwaji ne, ba a koyonsa ta waya a bakin shingen bincike. Duk wanda ya ce maka digirin Asabar zai mai da kai masanin DNA ya cuce ka. Sannan ba zan ɓoye ba, akwai masu sayen aikin gida, akwai masu biya a rubuta musu kundin kammalawa. Na taɓa tambayar wani babban jami'i ma'anar taken kundinsa, ya tsaya yana kallon silin.

Amma abin da nake gani yana canzawa a masu yi da gaske shi ne yadda suke tunani a kan hujja. Akwai darasin da nake jin daɗin koyarwa, na yadda shaida ke tafiya daga hannu zuwa hannu. Nakan ce musu ku ɗauke shi kamar isnadin hadisi. Wuƙar nan da aka tsinta, wa ya ɗauka, da ƙarfe nawa, ya miƙa wa wa, a ina ta kwana, wa ya sa hannu? Idan mutum ɗaya ya faɗi a silsilar, ruwayar ta yi rauni, komai kyan matanin. Wallahi ranar da na fara faɗar haka wani sufeto mai furfura ya dafe kai, ya ce shekara da shekaru yana ajiye kayan shaida a durowar teburinsa. Ba mugu ba ne. Ba wanda ya taɓa gaya masa dalilin rajistar, an dai ce masa ya cike.

Saje: Malama ta faɗi abin da na kasa faɗa. Baba ya ce in kawo abu ɗaya, to ga shi. Da, idan na je inda aka yi fashi, mutane nake fara nema: wa ya gani, wa ake zargi. Ɗakin kuwa 'yan kallo sun cika shi, kowa ya taɓa ƙofa, mai gida har ya sa an share. A karatu na ci karo da wani Bafaranshe, Edmond Locard, wanda ya buɗe ɗakin gwajin 'yan sanda a Lyon a 1910. Ƙa'idarsa ita ce duk wanda ya shiga wuri zai bar wani abu, zai kuma tafi da wani abu. Yanzu abin da nake fara yi shi ne korar jama'a da ɗaukar hoto kafin a motsa ko tsinke. Ba mu da kayan gwaji a ofishinmu, amma hoto da awo da zane ba sa buƙatar ɗakin gwajin Legas.

Baba Mai Ritaya: Wannan ai mun sani tun kafin a haife ka. Ba mu dai san sunan Baturen ba.

Saje: Kun sani Baba, amma ba ku rubuta mana ba. Da ka yi ritaya ka tafi da shi gida.

ASP Ɗan Wudil: Saje, a yi hattara da harshe, Baba uba ne. Ni ta wata ƙofa zan shigo. Mu da muka yi shekara biyar a makarantar 'yan sanda ta Wudil muka fito da digiri da anini, ranar farko a caji ofis wani kofur ne ya koya min yadda ake buɗe littafin bincike. Don haka ban raina gogewa ba. Damuwata da karatun wucin gadi ita ce lokaci. Mai bincike ba ma'aikacin banki ba ne da zai rufe ƙarfe huɗu. Tsarin mulki, sashe na 35, ya ba ka kwana ɗaya ka kai mutum kotu idan akwai kotu kusa, ko kwana biyu idan babu. An kawo maka mutum daren Juma'a, kai kuma kana da jarrabawa Asabar da safe a wani gari. Wa zai jira? Mun san wanda zai jira, wanda ke bayan kanta ne. Ina da jami'ai biyu masu karatu a ƙarƙashina, kuma duk lokacin jarrabawa sauran ne ke ɗaukar kayansu, ba kuma a ƙara musu ko sisi. Ba a tauna taura biyu.

Maman Yara: Ranka ya daɗe, ai taura uku ce, kun manta da gida. Maigidana yana wannan karatun. Albashi ya shigo, a cire na makaranta, a cire na data, a cire na mota zuwa cibiyar jarrabawa, abin da ya rage mu yi ta ja har wata ya mutu. Ya dawo daga aikin dare ya zauna da waya yana amsa tambayoyi har barci ya kwashe shi a kan kujera. Ana tsaka da haka aka yi masa canjin wurin aiki. Allah ya taimaka NOUN ce, suna da cibiya a kowace jiha, ya nemi a mai da shi ta can. Abokinsa da ke zuwa aji a wata jami'a kowace Asabar haka ya bar karatun, kuɗin shekara biyu ya bi ruwa. Ni dai ban ce ya daina ba, amma wanda ya ce abin banza ne bai ga abin da muke ci ba.

Baba Mai Ritaya: 'Yata, ni ban ce ba wahala, na ce ba riba. Tambayi ASP, in ya kawo takardar gobe za a ɗaura masa anini?

ASP Ɗan Wudil: Ba a take ba. Ƙarin girma yana da hukumarsa da layinsa da gurbinsa. Kuma wanda ya tafi karatu bai rubuta ya nemi izini ba, yana iya gamawa takardar ta zauna a akwati.

Barista: To kun ga Baba ya rushe maganarsa da kansa. Da farko ya ce don anini ake yi, yanzu ya ce aninin ma ba ya zuwa. Idan haka ne, wanda ya daure shekara huɗu yana yi, akwai abin da yake samu. Ni kuma ina ganinsa a akwatin shaida. Mai binciken da ya yi karatu, idan na tambaye shi me ya sa ka kama ƙanin wanda ake nema, ba zai ce oga ne ya ce ba, don ya san dokar 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 duk sun hana kama wani a madadin wani, bai ma kama ba tun farko. Ya san dokar hana azabtarwa ta 2017 tana iya kai shi kansa gidan yari har shekara 25, kuma ba ta karɓar uzurin umarnin na sama. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a ƙasar nan jiran shari'a suke yi. Ba duka ne laifin mai bincike ba, mu lauyoyi da kotuna muna da namu kason, amma fayil mara ƙashi yana cikin manyan dalilai.

Wani abin dariya kuma, NOUN tana koyar da fursunoni kyauta. Yana yiwuwa wanda ka kai gidan yari ya fito da digirin da kai ka ce ba ka da lokacinsa.

Baba Mai Ritaya: Ya fi ni lokaci ai, shi ba a kiransa ƙarfe biyun dare.

Malama: Baba, Obasanjo ma bayan ya sauka daga mulki ya koma NOUN har ya yi digirin digirgir. Gemu ba ya hana ilimi. Ni da za a bi tawa, irinku za a riƙa kawowa aji. Ɗalibaina sun san sunan ka'ida, amma ba su san yadda ake zama da tsohuwar da ta ga komai ta ƙi magana ba, har ta buɗe baki don kanta. Wannan ba ya cikin kowane littafi da nake da shi.

Baba Mai Ritaya: Wannan kuwa sai an sha shayi da ita sau uku, kuma kada ka je da kaki. Amma kada ku ɗauka kun saye ni da yabo, ina nan kan bakana. Saje, ga sharaɗi. Fayil na gaba da ka kammala, rufe sunaye ka kawo min gida. Ni zan duba da jan biro irin na da, Barista ta duba da nata idon. In ta rasa inda za ta soke shi, ni ma na rasa, zan biya maka kuɗin rajistar zango ɗaya daga fanshona, in ya shigo.

Barista: Na karɓa. Amma in na sami ƙofa, Saje zai sayi katin waya ya raba wa kowa a nan.

Mai Shago: Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba jami'i ba ne, ɗan kasuwa ne. An fasa min shago bara, an kama mutum biyu, har yau ana ɗaga shari'a, sau uku ana cewa mai binciken bai zo ba. Ban sani ba ko jarrabawa ya tafi ko canjin aiki aka yi masa. Barista, in an canza shi zuwa wata jiha, wani zai iya ba da shaida a madadinsa, ko sai mu ci gaba da jira?

Barista: Alhaji, ya danganta da abin da ya rubuta a fayil da kuma ko su biyu suka yi binciken. Turo min ranar zama na gaba ta akwatin sirri.

Saje: Baba na amince da sharaɗin. Zan dawo kan maganar Alhaji anjima, yanzu aka kira ni ofis, an kawo mutum. Jarrabawata kuma jibi ce.