Muhawara: Kuɗin Nestlé zai fitar da yara daga gonar koko?

Baban Ummi: Assalamu alaikum. Jiya muka tafka gardama da wani abokina kan cakulan, na ce bari in kawo ta nan. Ni dai a ganina Nestlé ta wanke kanta daga zargin sa yara aiki. Tun Janairun 2022 take biyan iyalan manoman koko a Kwaddebuwa har faran 500 na Suwizalan a shekara idan sun sa yara makaranta, sun datse rassan bishiyoyi, sun dasa itatuwan inuwa, sun kuma nemi wata hanyar samun kuɗi ban da koko. Rabin kuɗin ma a wayar uwargida ake turawa. Me kuma ake so kamfani ya yi?

Auta: Na ga koko na shigo da gudu, na zaci za a raba da ƙosai.

Ɗan Zangon Kumasi: Wa alaikumus salam. Yaya Baban Ummi, wanke kai ai magana ce babba. Alkawarin raba yara da mummunan aiki a gonar koko ba yau aka fara shi ba. A 2001 manyan kamfanonin cakulan suka sa hannu a yarjejeniyar Harkin da Engel, 'yan majalisar Amurka biyu, aka tsayar da 2005. Wa'adin ya wuce, aka ce 2008, aka ce 2010, aka ce 2020. A shekarar 2020 ɗin cibiyar NORC ta Jami'ar Chicago ta fitar da bincike: yara miliyan 1.56 na aikin koko a Ghana da Kwaddebuwa.

Baban Ummi: To waye a cikinmu bai je gona yana yaro ba? Taya uba aiki ai ba bauta ba ce.

Ɗan Zangon Kumasi: Ba kai wa baba abinci gona ake ƙirgawa ba. Miliyan 1.48 daga cikinsu aikin haɗari suke yi: adda, feshin magani, dakon kaya mai nauyi. Mahaifina ya riƙe wa wani gona a yankin Sefwi bisa tsarin abusa, wato mai kula da gona ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku. Ina ɗan shekara 11 nake riƙe ƙwallon koko a hannun hagu ina sara da dama. Har yau tabon yana babban yatsana. Ba mugunta ce ta sa baba ya ja ni ba, kason nasa ba ya isa biyan ɗan ƙodago. Kuma ranar da masu duba gonaki za su zo, kowa a ƙauye ya sani tun daren jiya. Da safe duk yara suna aji, har da waɗanda malam bai san sunansu ba.

Maman Zainab: Allah Sarki. Malam Baban Ummi, akwai wata matsalar kuma. Tsarin sa ido na kamfani yana ganin manoman ƙungiyoyin da yake saye kai tsaye daga wurinsu ne. Sauran kokon daga hannun dillali yake bi zuwa wani dillalin, a zuba a sito ɗaya. Buhu ba ya faɗin wa ya fasa.

Baban Ummi: Hajiya, ai kotu ta wanke kamfanonin.

Maman Zainab: A'a. A Yunin 2021 Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai 8 cikin 9, ta tare ƙarar da wasu 'yan Mali shida suka kai kamfanonin Nestlé da Cargill, waɗanda suka ce tun suna yara aka yi safararsu zuwa gonakin Kwaddebuwa. Dalilin kotun shi ne abin a ƙasar waje ya faru, dokar Amurka ta 1789 da masu ƙarar suka dogara da ita ba ta kai can ba. Ba ta ce ƙarya suke yi ba.

Auta: Amma Anti, kada a manta da gwamnatoci. A Ghana hukumar koko ta gwamnati, COCOBOD, ce ke yanka farashin da ake ba manomi, ba Nestlé ba.

Ɗan Zangon Kumasi: Gaskiyarka, ƙanena, su ma da nasu kason laifin. Sai dai Ghana da Kwaddebuwa sun ƙara dala 400 kan kowane tan tun kakar 2020 don manomi ya samu, daga baya suka zargi masu saye da zaftare kuɗin ta wata ƙofar. Abin ya kai ga a 2022 suka ƙaurace wa taron kamfanonin koko a Brussels.

Baban Ummi: Na janye kalmar wanke kai. Amma faran 500 a hannun talaka ba ƙaramin abu ba ne, ku yarda da wannan.

Ɗan Zangon Kumasi: Na yarda, da baba ya samu da ya ɗauki mutum ɗaya lokacin fasa. Amma bayan shekara biyu kuɗin 250 yake komawa. Tambayata kuma, Yaya: a gonar abusa, wayar wa ake turawa, ta mai gona da ke zaune a Kumasi ko ta mai kula da ita?