Bakteriya sun ƙi zama a kaina, ga jarabawar MDCN tana matsowa

'Yar Gusau:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na gama karatun likita a Sudan, yanzu ina shirin jarabawar MDCN (hukumar yi wa likitoci rajista a Najeriya), wadda duk wanda ya yi karatu a waje sai ya ci ta kafin a yi masa rajista. Sauran darussa Alhamdulillah, amma bakteriya sun sako ni gaba. In na haddace Staphylococcus da Streptococcus da daddare, kafin asuba sun cakuɗe min. Don Allah waɗanda suka wuce wannan mataki, ta ina kuka ɓullo musu?

Babban Yaya:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Hadda kike yi daga sama, shi ya sa take zubewa. Koma kan rinin Gram, wato rinin da ake yi wa bakteriya don a bambance su, wanda aka samo tun 1884 kuma har gobe da shi ake fara tantancewa. Masu kaurin bango su riƙe shunayya, masu siririn bango a wanke su, su ɗauki ja. Su biyun da ke wahalar da ke duk shunayya ne, duk zagayayyu. Staph a dunƙule suke, Strep kuma a jere kamar carbi. Ɗiga musu haidirojin feroksaid, wannan dai da ake wanke ciwo da shi: wanda ya yi kumfa Staph ne. In kuma Staph ɗin ya daskarar da ruwan jini, to nau'in aureus ne, mai maruru. Ki zana wannan rabe-raben kamar reshen bishiya da hannunki, kada ki ɗauki hoton na wani.

Likitan Yara:
Gaskiya ne, amma reshe kaɗai ba ya riƙe mutum. Ni kowace ƙwaya sai na ɗaura ta a jikin maras lafiya. Ke 'yar Zamfara ce, ai ba sai an ba ki labarin sanƙarau na 2017 ba. Yaro a tsakiyar zafin bazara, zazzaɓi, wuya ya sage, ba ya son haske. An ɗebo ruwan ƙashin baya ya fito gurɓatacce, a madubin likita ga jajayen ƙwayoyi bibbiyu manne da juna. Neisseria meningitidis ke nan. Kuma a shekarar rukunin C na ƙwayar ne ya yi ɓarna, domin rigakafin MenAfriVac rukunin A kawai yake karewa.

Haka mashaƙo da ya addabi Kano a 2023. Wanda ya taɓa leƙa maƙogwaron yaro ya ga wannan yana mai ruwan toka, wadda in ka kankare sai jini, ga wuya ya kumbura suntum, ba zai manta Corynebacterium diphtheriae ba. Gubarta ce ke hana ƙwayoyin jiki haɗa furotin, har ta taɓa zuciya da jijiyoyi. Shi ya sa ba a jiran sakamakon gwaji, maganin karya gubar ake fara bayarwa, a haɗa da eritromaisin ko fenisilin.

Ɗan Sabon Gari:
Ni gargaɗi kawai zan ƙara. Tambayoyin gwaji na Amurka da ke yawo a WhatsApp suna kaifafa kai, amma kada ki ƙarar da ƙarfinki kan cutar Lyme alhali ba ki ƙoshi da tarin fuka, taifot da kwalara ba. Kuma ki lura, ƙwayar tarin fuka ba ta shiga reshen Yaya, bangonta kitse ne, sai rinin Ziehl-Neelsen ko gwajin na'urar GeneXpert.

'Yar Gusau:
Allah ya saka da alheri, na zana reshen yanzu. Saura ɗaya: me ya sa da an ce mai sikila sai amsa ta canza?

Likitan Yara:
Saifa ce. Tun suna ƙanana take mutuwa saboda toshewar jini, kuma ita ce ke tace ƙwayoyi masu kwanso: Streptococcus pneumoniae, Haemophilus influenzae, da ta sanƙarau ɗin nan. Dalilin ba su fenisilin kullum ke nan. In kuma aka ce ciwon ƙashi da zazzaɓi, a sauran mutane aureus za ki fara kawowa, a mai sikila kuwa Salmonella.