"Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi": ina iyakar tanƙwarar?

Malam Mai-Nazari: Jama'a, wannan karin maganar ana yawan kafa hujja da ita wajen tsananta wa yaro. Sigmund Firoid, likita mai nazarin halayyar ɗan'adam na birnin Biyana a ƙasar Ostiriya, da ya rasu a 1939, shi ma yana ganin ginshiƙin hali yana kafuwa kafin shekara 6. A 1905 ya fara bayyana ra'ayin da aka faɗaɗa daga baya, cewa jin daɗin yaro yana ƙaura daga wata gaɓa zuwa wata: baki daga haihuwa zuwa kusan wata 18, dubura zuwa shekara 3, al'aura daga 3 zuwa 6, sai abin ya lafa har balaga. To, maganarsa da ta magabata ɗaya ce?

Dattijo: A kan lokaci sun haɗu, Malam. Tun ran gini, tun ran zane. Amma karin maganar ba ta faɗi ƙarfin hannun da za a sa ba, kuma nan Firoid ya fi tsayawa. A wurinsa, takura da sangarta duk suna iya sa yaro ya maƙale a mataki ɗaya. A 1908 ya haɗa halaye uku da matakin dubura: tsananin son tsari, rowa da taurin kai.

Anti Nas: Baba, bari in kawo abin da ake gani a asibiti. Yawanci yaro ba ya iya riƙe fitsari da kashi da gangan sai bayan wata 18 zuwa 24, wasu ma su haura haka. Alamar ya shirya ita ce ya yi kamar awa 2 bai jiƙa nafkin ba, ya iya zama ya tashi da kansa, ya nuna ya matsu. In aka ɗora shi kan fo da tsawa kafin nan, sai ya fara matse kashin. Hanji ya tsotse ruwan da ke ciki, kashin ya taurare, fitarsa ta yi zafi har ta tsaga fata, yaro ya ƙara jin tsoro, ya ƙara matsewa. Daga baya mai ruwa-ruwa ya riƙa zurarowa ta gefe yana ɓata wando, iyaye su ɗauka iskanci ne su ƙara duka. Abin tausayi ne wallahi, yaron bai ma san ya fito ba.

Ɗaliba: Anti, wannan ai jiki ne. Shin ya tabbatar da cewa zai girma ya zama marowaci?

Malam Mai-Nazari: Bai tabbatar ba, ƙanwata. Binciken da aka yi daga baya bai nuna cewa yadda aka koyar da fo ne ke haifar da waɗannan halaye ba. Kuma Firoid ya gina yawancin ra'ayinsa ne kan abin da majinyata baligai suka tuna game da ƙuruciyarsu. Ko yaron nan Hans mai shekara 5 da ke tsoron dawakai, wanda aka buga labarinsa a 1909, mahaifinsa ne ya riƙa kai wa Firoid rahoto.

Dattijo: Ni rabin karin maganar da ake ɓoyewa ne ke damuna, wato in ya bushe sai dai a karya. Erik Erikson, wani masanin halayyar ɗan'adam da ya zo bayan Firoid, bai yarda da haka ba. A 1950 ya jera matakan rayuwa 8 daga haihuwa har tsufa, kowanne da nasa gwagwarmayar. Matakin fo ya kira shi karo tsakanin cin gashin kai da kunya da shakka, kuma wanda ya fita da rauni yana iya gyaruwa a gaba. Shi kansa Firoid da ya ɗauka babba ya bushe, da bai zauna yana sauraron majinyata kusan kullum ba.

Anti Nas: Shi ya sa in zan gaya wa uwa wannan karin maganar, a kan tsari nake nufi: a zaunar da shi minti 3 zuwa 5 bayan cin abinci, ƙafafunsa a dafe da ƙasa, a yaba in ya yi, a share shiru in ya ɓata. In ya fara matsewa, a dakata makonni kaɗan, a magance taurin cikin tukuna.

Ɗaliba: To Malam, in uwa da mai raino suka saɓa, ɗaya na lallashi ɗaya na tsawa, hannun wa yaron zai bi?