Musayar Waƙa Kafin Gasar Open ta 2025: Ɗan Wasan Golf Rory McIlroy Zai Ci Kofi a Gida?

Malam Sani:
'Yan'uwa, Yuli ya matso, gasar golf ta Open ta 2025 za ta koma filin Royal Portrush da ke Ailan ta Arewa. Ga nawa baitocin, mai amsa ya amsa.

Na fara da Rory ɗan Holywood,
Haifaffen ƙasar Ailan ta Arewa.
In ya ɗaga sanda a bugun farko,
Ƙwallo kan yi nisa har ɓacewa.
A 2011 ya cinye US Open,
Tazarar bugu takwas, ba mai kamowa.
Manyan kofuna huɗu zuwa 2014,
Sai ƙofa ta rufe, ta ƙi buɗewa.
Kusan shekara sha ɗaya yana jira,
Afrilun 2025 ya zo da warwarewa.
Ya ci gasar Masters, ya sa koriyar rigar zakara a Augusta,
Mutum na shida da ya ci duk manyan gasa huɗun ba ragewa.

Hajiya Binta:
Malam, ka yabi hannu ka bar zuciya,
Alhali a can ciwon yake kwanciya.
Augusta, 2011, yana gaba da huɗu,
Ran ƙarshe ya buga 80, ya sha wuya.
US Open na 2024 a Pinehurst, ƙwallo dab da rami,
Sau biyu ta kauce kamar mai kunya.
DeChambeau ya wuce da kofi,
Rory ya shige mota ba ko waiwaya.
Ko ran da ya ci Masters, a rami na 13,
Bugu mai sauƙi ya kai ta rafi gaba ɗaya.

Ɗanjuma:
Hajiya, gaskiyarki, amma ki duba,
Sau nawa ya faɗi bai zauna ba?
Ya kuskure a na 18, aka yi kunnen doki
Da Justin Rose, bai karaya ba.
Harry Diamond mai ɗaukar masa jaka,
Abokin ƙuruciya, bai bar shi ba.
Suka koma ramin, ya sauke ta kusa,
Bugu uku ya gama, Rose bai kamo ba.
Ya durƙusa kan ciyawa yana kuka,
Ni ma a ɗakina ban riƙe hawaye ba.

Hajiya Binta:
Ƙanena, wasa gaban dangi ya fi nauyi.
Yana ɗan shekara 16 a Portrush
Ya buga 61, aka san zai yi tasiri.
A 2019 ya dawo, gari ya cika,
Bugun farko ya bar fili, bugu takwas kafin rami.
79 ran farko, 65 kashegari,
Bugu ɗaya ya raba shi da wasan Lahadi.
Ga kuma Scheffler, sanyi kamar ruwan randa,
Ya ci babbar gasar PGA a Mayun 2025 ba rawar jiki.

Malam Sani:
Hajiya, Scheffler na ba shi girmansa,
Ba ya zafi, ba ya ruɗewa.
Sai dai kayan da Rory ya daɗe da su a ka,
A Augusta ya samu saukewa.
Iskar teku ce abin tsorona,
Don ƙwallonsa na son sama da hawa.
In ya kwantar da ita ƙarƙashin iska
Kamar yadda ya ci Open a Hoylake a 2014, akwai dacewa.
Ni shi na zaɓa, ran Alhamis ina zaune,
In ga bugun farko inda zai je faɗawa.